Yayen Mutuniyar

Litinin, 7 ga Oktoba, 2002. Bayan Azahar.

Ma Sali ta tafi. Da safe na taya ta ɗaure kaya, na raka ta har Indénié, nan cikin Abijan, inda motar ke jira. Tsohuwar da ta fi shekara ashirin a kur ɗinmu, gidan hayar da muke zaune, kayanta kaf ba su cika amalanke ɗaya ba. Ɗanta ne ya aiko daga Bobo, ya ce tunda yaƙi ya ɓarke a ƙasar nan tun watan jiya, ta dawo gida haka nan. Ta Gana za su zagaya, hanyar arewa a rufe take. Ban yi mata wata tambaya ba. Yanzu ba a tambaya.

Ita ke riƙe mana mutuniyar tun da matata Murja ta gama hutun haihuwa. Murja ta fita da sassafe ta hau bas zuwa farmasi, shagon maganin da take aiki a Treichville, ni in gangara shagon Kawu Kailu a Roxy, mutuniyar kuwa tana kan tabarmar Ma Sali da wasu yara biyu na kur, ana ɗura musu kunu ana yi musu waƙa da Julanci. Ƙarshen wata mu miƙa mata ɗan abin da ya sawwaƙa, da sabulu da kwanon shinkafa, ba ta taɓa cewa ya yi kaɗan ba. Ashe gidanmu gaba ɗaya a bayan tsohuwar nan yake goye, ban sani ba sai da na ga ɗakinta a buɗe, an share. Murja ta roƙi hutun 'yan kwanaki kafin mu samu mafita.

Na rubuta "mutuniyar" ne don bakina ba ya ɗaukar sunan, biron ma ya ƙi. 'Yar fari ce, kuma sunan Innata aka sa mata, kunya ta zama biyu. Murja haifaffiyar Treichville ce, ba ruwanta da wannan. Mami take ce mata, ta cilla ta sama ta cafe, ta sumbace ta a gaban kowa, har gaban Kawu, ni kuma in rasa inda zan ajiye idona.

Laraba, 9 ga Oktoba. Hantsi.

Kasuwa shiru. 'Yan Bouaké da Korhogo da 'yan Mali masu kwasar silifa katan-katan, ko ɗaya bai leƙo ba. Mun share shago, mun sauke kaya mun sake jerawa, mun zauna. Kawu ya ce wannan watan sai dai in yi haƙuri da rabin abin da ya saba ba ni. Na ce Allah ya ƙara arziki. Wato haya da cefane duk sun koma wuyan Murja, abin da ba zan faɗa a majalisa ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba. Bayan La'asar.

Mun je neman garderi, gidan renon yara na kuɗi. Ta farko bayan Mairie take, ofishin magajin gari, ƙofa shuɗiya, an zana zomaye a bango. Wuri tsaf, har ƙamshi yake. Shugabar wurin ta zaunar da mu ta fara jero mana da yatsu: kuɗin shiga, kuɗin wata, kuɗin abinci, inshora, yunifom. Yarinyar da ba ta gama iya cewa "ruwa" ba, wai sai an ɗinka mata yunifom. Faransancin ya yi min sauri, amma na karanta amsar a kafaɗun Murja. Kuɗin wata kaɗai ya haura rabin albashinta. Kuma tun La'asar suke rufewa, wanda ya makara ya biya tara, alhali Murja ba ta baro Treichville sai rana ta kusa faɗuwa, tana tsere da dokar hana fita.

Ta biyu mai sauƙi ce, a wani lungu wajen Roxy. Ɗaki ɗaya ba taga, yara birjik a kan siminti, mai kula da su ita kaɗai tana gyangyaɗi. Murja ta leƙa ta fito, ko gaisawa ba ta tsaya yi ba.

A hanya ta ce, "Nomau, ka gani ko? Wato in tashi da asuba in tsaya a kes ina karɓar kuɗin mutane har yamma, in kwashi nawa in ba wata ta riƙe min ɗiyata. C'est pas possible."

Na ce Allah zai kawo mafita.

Ta ce, "Na san zai kawo. Amma Litinin zan koma aiki."

Asabar, 12 ga Oktoba. Safe.

Matar maƙwabci ta kawo wata 'yar aiki daga ƙauyensu mu gani. Ita ma reno take buƙata. Murja ta ba ta burodi da shayi, ta sallame su. Manyan kuwa, da ake samu ta hannun 'yan kamasho, sai da albashi da wurin kwana, mu kuma ɗaki da falo ne. Uwar Murja ta rasu tun tana makaranta, ƙannenta mata duk aiki suke. Iyalin Kawu tun makon farko ya tura su gida Jega. Mun duba gabas mun duba yamma, ba hannun da ke zaune.

Lahadi, 13 ga Oktoba. Bayan Magariba.

Yau farmasin su Murja ke da aikin Lahadi, dole ta fita duk da hutun. Ta biya ta bar mutuniyar wurin Yaya Hasana a gidan Kawu. Yaya Hasana ce babbarmu. Sau biyu a shekara take zuwa daga Jega sarin atamfa, wannan karon abin ya rutsa da ita a nan, tana so ta isa gida kafin azumi.

Da na je bayan Azahar na tarar da su a baranda, mutuniyar tana cinyarta tana wasa da awarwaronta. Muka ci tuwo. Sai Yaya ta ce, "Wata nawa ɗiyag ga yanzu?"

Na ce ban riƙe ba. Na riƙe sarai, ashirin ne.

"To ai ta isa yaye. Mi kuka jira, kuna yawo da ita gida-gida ana yanka muku kuɗi? Ku ba ni ita in kai ma Inna. Can ga nono, ga fili, ga yara, ba mai amsar ko dala. In ta yi wayo a maido muku."

Kawu ya ce, "Magana ke nan. Kai kanka ba ɗakin kakarka aka yaye ka ba?"

Haka ne. Amma ɗakin kakata bayan katangarmu yake, mako guda aka dawo da ni. Tsakanin unguwarmu Adjamé da Jega akwai iyakar ƙasa huɗu. Na kuma san ma'anar "in ta yi wayo". Na ga yaran da aka kai gida yaye daga nan, in sun dawo ma sai sun isa aike, suna gaishe da ubansu daga nesa kamar baƙo.

Duk wannan yana cikina. Amma yayata ce ta roƙa, don Innata, a gaban Kawu, kuma a kan 'yar fari. Namiji ba ya buɗe baki ya yi jayayya a kan ɗan fari, sai a ce ba shi da ta ido. Na dubi tabarma na ce, "Ai taku ce."

Kawu ya shafa fatiha.

Litinin, 14 ga Oktoba. Safe.

Ban gaya wa Murja ba.

Talata, 15 ga Oktoba. Bayan Magariba.

Jiya da yau Murja ta tafi da mutuniyar wurin aiki. Ta shimfiɗa mata zane a sito, bayan kwalayen magani, tana leƙawa in layi ya ragu. Ta dawo bayanta sharkaf da gumi, ta ce a cikin bas an matse yarinyar har ta yi amai. Na ce sannu. Na buɗe baki zan ƙara wani abu, sai na ji kaina ina neman ruwan alwala.

Alhamis, 17 ga Oktoba. Bayan Magariba.

Patron ɗinsu, mai farmasin, ya shiga sito ya tarar mutuniyar ta fasa kwalin auduga ta yi wa kanta gemu. Bai yi faɗa ba, in ji Murja. Ya dai ce farmasi ba garderi ba ce, kuma in aka sake, masu jiran kujerar suna da yawa. Tana dariya ta ba ni labarin, da ta gama dariyar ta shiga wanka ta daɗe ba ta fito ba.

Ban gaya mata ba. Na ce gobe ni zan tafi da yarinyar shago. Ta juyo ta dube ni, ta sa na maimaita.

Juma'a, 18 ga Oktoba. Bayan La'asar.

Na saɓa ta a kafaɗa daga gida har Roxy. Duk wanda bai taɓa gaishe ni ba yau ya gaishe ni. Yaran gbaka, ƙananan bas ɗin haya, suna rataye a ƙofar mota suna ihu, "Papa nounou!", wato uba mai reno. Mai shayin kusa da mu ya ce ko a samo zane a goya min ita. Na ɗaure fuska na wuce.

Na ce wa Kawu uwarta ce ta rasa yadda za ta yi. Ya ce ba komai, ai kwanakin kaɗan suka rage. Na samo ƙaton katan na shimfiɗa buhu a ciki na zaunar da ita, na koma bencina na juya mata ƙeya kamar 'yar maƙwabta ce. Can sai na ji, "Papa." Na yi kamar ban ji ba. "Papa." Na ɗauki kalkuleta ina dannawa, ba ciniki ba komai. A na uku muryarta ta fara rawa. Kawu ya ce, "Kai, amsa mata mana, kada ta tara muna jama'a." Na amsa. Ashe silifa take so ta nuna min, ta cusa ƙafa biyu cikin ɗaya.

Litinin, 21 ga Oktoba. Hantsi.

Har yanzu tana bina shago. Ba ta cin aloko, soyayyar ayaba, sai ta ɓare baƙin gefen ta miƙo min, ni ne kwandon shararta. In ladan ya kira salla sai ta toshe kunne ɗaya ta wangale baki ita ma. In barci ya zo mata ba ta kuka, kunnena take nema ta riƙe. Wata ashirin muna ɗaki ɗaya ban san ko ɗaya cikin waɗannan ba, Ma Sali ce ta sani.

In Kawu ya tafi banki ko masallaci sai in ciro ta daga katan in ɗora ta a cinya. In na hango hularsa in mayar. Ina jin daɗin kwanakin nan, Allah ya gani, kuma ina jin tsoronsu.

Ban gaya wa Murja ba. Ita gani take mun samu mafita, har ta fara waƙa in tana wanke-wanke.

Laraba, 23 ga Oktoba. Bayan La'asar.

An yi gudu a Roxy. Ba wanda ya san dalili. Wani ya ce an ji ƙara daga wajen Indénié, wani ya ce taya ce ta fashe. Kafin ka ce kwabo mutane sun ɓarke, tebura suna kifewa, ƙofofin shaguna suna ta rugugi. Na ja tamu ƙasa, na juya, katan ba kowa.

Ba zan rubuta abin da na ji ba. Na ɗaga ƙofar na faɗa cikin masu gudu ina kira. Wai har sunan na kira, da ƙarfi, in ji mai shayi, ni ban sani ba. A ƙarƙashin teburinsa aka same ta, kyanwa ta bi. Ko ƙwarzane babu.

Da gari ya lafa Kawu ya zaunar da ni. Sannan ya ce, "Nomau, shago ba wurin yara na ba. Ka gani da idonka. Hasana ta yanki tikiti, Lahadi ta sama. Ka dai shaida ma matarka?"

Na ce ina shirin yi.

Juma'a, 25 ga Oktoba. Bayan Magariba.

Jiya da yau a wurin Yaya mutuniyar ta wuni, wai don su saba. Da yamma Yaya ta kawo ta gida da kanta, ta zauna a falo ta kwance bakin zane ta fito da ƙullin garin maɗaci da 'yar kwalbar rubutu, ta miƙa wa Murja. Ta ce maɗacin a fara shafawa a nono tun yanzu, kada a bari sai cikin mota ta ishi mutane da kuka. Rubutun kuma a ba ta ta sha don ta dangana.

Murja ta ce, "Wace mota, Yaya?"

Yaya ta dube ni. Ni kuma na dubi ƙafata.

Murja ta yi ladabi, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta kawo wa Yaya ruwa, ta raka ta har bakin titi. Da ta dawo ta rufe ƙofa a hankali, don bangon kur ɗinmu ba ya riƙe magana.

"Me ka ce musu?"

"Na ce tasu ce."

"Tasu ce. Ni kuma fa? Aro aka ba ni?"

Na ce haka ake faɗa, ba yadda za a yi mutum ya ce wa yayarsa a'a a kan 'yar fari.

"Bon. Tunda faɗa ne kawai, gobe ka koma ka faɗi wani abu daban."

Na ce an shafa fatiha.

"Tun yaushe?"

Na faɗa mata ranar.

"Kusan sati biyu kana cin abincina, kana kallona ina waƙa."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi min sauƙi.

Asabar, 26 ga Oktoba. Rana.

Ta dafa, na ci. Ba a ce komai ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba. Yamma.

Ruwa tun safe. Haka nan dai.

Talata, 29 ga Oktoba. Bayan Magariba.

Ta yi magana yau. Ta ce jiya ta roƙi patron ya mai da ita rabin wuni, ya ce babu wannan tsarin. Ta ce to za ta ajiye aikin. Na ce to. Kowa ya san abin da ɗan'uwansa ke tunani. Mai kur ba zai jira kasuwa ta buɗe ba, shinkafa ta hau, abin da Kawu ke ba ni yanzu ko hayar bai kai ba. Can ta ce, "Da wa aka tsara garin nan ne, Nomau? In na zauna ba mu ci, in na fita ba mai riƙe ta."

Sai ta fara tambayata gidan Inna. Akwai rijiya? Akwai. A rufe take? Da murfinta. Asibiti fa? Akwai, ba nisa. Sauro? Na ce sauro kam ko'ina akwai. Inna tana duka? Na ce Inna ko akuya ba ta duka.

Laraba, 30 ga Oktoba. Safe.

Da hannunta ta kwaɓa maɗacin ta shafa. Mutuniyar ta kama, ta saki, ta dubi uwarta, ta gwada ɗaya ɓangaren. Kukan da ta yi na mamaki ne, irinsa ban taɓa ji a bakinta ba. Murja ta gyara riga ta ɗauki jaka ta ce za ta makara. A bakin ƙofa, ba tare da ta juyo ba, ta ce, "Ranar gudun Roxy, da ba a ƙarƙashin tebur take ba fa? Gara tana can ina kewarta." Ashe labarin ya kai mata.

Wato ta yarda. Na ɗauka in ta yarda zan ji sauƙi.

Juma'a, 1 ga Nuwamba. Bayan La'asar.

Yau hutu ne. Murja ta wanke kayan mutuniyar kaf ta shanya, igiyar kur ta cika da ƙananan riguna. Ta ce in kawo mata silifa daga shago. Na kawo daidai ƙafarta. Ta juya su a hannu ta ce, "Ka ƙaro na gaba da su, da na gaba da waɗancan." Na koma na ɗauko. Kawu ya ce kada in biya.

Mutuniyar ta daina neman nono. Kunnena dai take nema.

Lahadi, 3 ga Nuwamba. Bayan Azahar.

Zan rubuta yadda aka yi daki-daki.

Murja ta ce ba za ta tasha ba. Ta yi mata wanka, ta shafa mata mai, ta sa mata kwalli, ta miƙo min ita a bakin ƙofa ta koma ciki. Muka ɗauki woro-woro, tasin haya, ni da Yaya da Kawu zuwa tashar motocin Gana a Treichville. A kan gada mutuniyar ta manna fuska a gilashi tana nuna min jiragen ruwa.

Tasha cike da 'yan gida masu komawa, rabinsu na san su. Aka ɗaure dilolin Yaya a sama, aka yi addu'a. Yaya ta shiga ta zauna bakin taga, ta shimfiɗa zane a cinya, ta miƙo hannu biyu. "Kawo ta."

Mutuniyar tana kafaɗata, ta riƙe kunnena, barci ya fara ɗibarta.

"Nomau, kawo ta, direba ya tada mota."

Ban yi niyyar komai ba, Allah ne shaida. Har na ɗaga ta. Hannun ne ya ƙi miƙewa.

Kawu ya matso ya ce a hankali, "Kai, mutane na kallo."

Na ce, "Kawu, ba zan iya ba."

"Mi kac ce?"

"Ba zan iya ba da ita ba. Ku yi haƙuri."

Ashe da ƙarfi na faɗa. Wani dattijo ɗan Argungu ya yi salati. Wata mata a cikin mota ta ce yau ta ga namijin da Abijan ta cinye wa kunya. Yaya ta daɗe tana kallona, hannayenta a waje. Sannan ta janye su, ta ninke zanen, ta miƙo min jakar kayan yarinyar ta taga. Ta ce, "Mi za ni ce ma Inna?" Na ce ni zan faɗa mata. Mota ta tashi.

Kawu bai shiga woro-woro ɗaya da ni ba.

Da na shigo kur Murja tana zaune a dokin ƙofa, ko ɗankwali ba ta ɗaura ba. Ta dube ni, ta dubi kafaɗata. Na durƙusa na sauke mata ita a cinya. Abin da ta fara cewa shi ne, "To gobe fa? Gobe Litinin."

Na ce ni ne.

Litinin, 4 ga Nuwamba. Yamma.

Na je wurin Kawu da ita a kafaɗa. Da ƙyar ya amsa gaisuwata. Ya ce na kunyata shi a gaban 'yan gida, na mai da fatiha wasa. Na ce haka ne. Ya ce maganarsa tana nan, shagonsa ba wurin yara ba ne, in zaɓa. Na gyara ta a kafaɗa, ya gane. Ya ce in ɗauki katan biyu na silifa in je in kasa a ƙofar gida, in kasuwa ta dawo a sake magana. Shekara da shekaru ina sayar wa manyan 'yan kasuwa sari, yau na koma mai tebur. Ya yi min zafi, ba zan ɓoye ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, azumi na biyu. Hantsi.

Tebur a ƙofar kur, mutuniyar a gefena kan tabarma. Jiya ƙafa uku na sayar. Matan kur sun samu abin kallo kyauta. Sun koya min dama kunu ba gudaji, sun sha dariyar yadda nake wanke mata. Uwar ɗaya daga cikin yaran da Ma Sali ke riƙewa, mai sayar da kifi a kasuwa, ta zo tana sosa ƙeya, wai ko zan sa mata ido a kan nata zuwa Azahar. Na ce ni ba garderi ba ne. Ga shi nan zaune yana cizon hajata.

Kuɗin ba za su isa ba, mun sani. Mun rage nama, Murja ta daina hawa woro-woro ko da ta makara. An ce Yaya ta sauka lafiya. An ce Lahadi bayan Azahar Inna za ta je gidan mai tarho ta jira ni.

Asabar, 9 ga Nuwamba. Safe.

Gobe ne.

Lahadi, 10 ga Nuwamba. Bayan La'asar.

Na je kabin ɗin bakin Mairie, inda ake biya a buga tarho, da mutuniyar a kafaɗa. Da ƙyar layi ya shiga. Na gaishe da Inna, ta amsa, ta tambayi azumi, ta tambayi gari, ta tambayi Murja. Na jira faɗa, bai zo ba.

Na fara, "Inna, maganar nan..."

Ta ce, "Hasana ta hwaɗi mani." Layi yana ta ƙara. "Na sa an yi ma ɗakin sabon daɓe. Har akuya na saya mai nono."

Na ce ta yafe min.

"Tana nan kusa?"

Na kara wa mutuniyar tarho a kunne. Ina jin muryar Inna ƙasa-ƙasa tana kiranta takwara, tana yi mata wasa. Ita kuwa numfashi kawai take yi tana lasar wayar. Mai kabin yana nuna min agogo, na kawar da kai.

Da na karɓa Inna ta ce, "Nomau."

"Na'am, Inna."

"Ashe haka kaka sonta?"

Ba a taɓa yi min tambaya mai nauyin wannan ba. A wurinmu uwa ba ta yi wa ɗanta ita, ɗa kuma ba ya amsawa. Ga mai kabin, ga masu jiran layi suna jin komai.

Na ce, "E, Inna."

Na ji ta ja hanci. Sannan ta ce, "To riƙe ta da kyau. Akuyar sai in sayar."